Glasgow ko Bo'ness: ina ya kamata mai son tsofaffin kawunan jirgin Sikotilan ya nufa?

Ɗan yayata da ke karatun injiniyanci a Ingila ya bugo mini waya da tambayar da na daɗe ina jiran wani ya yi mini. "Kawu, zan shiga Sikotilan, kuma kwana ɗaya tak gare ni na yawo. Ina son in ga kawunan jirgin ƙasa masu tururi, irin waɗanda suka ja fasinja tun zamanin Sarauniya Victoria. An ce mini wuri biyu ne, gidan tarihi na Riverside a Glasgow da layin dogon Bo'ness. Wanne zan je?" Na ce ya ba ni dare ɗaya. Amsar da na tura masa ce na faɗaɗa a nan, don na san 'yan uwanmu da ke karatu ko ziyara a can ba su da yawan ranakun da za su ɓatar.

Kafin a sayi tikiti, a san abu ɗaya: na farko-farkon babu su, ko a Glasgow ko a Bo'ness. A 1833 'yan uwa biyu, James da Charles Carmichael na garin Dundee, suka ƙera wani kan jirgi mai suna Earl of Airlie don layin Dundee zuwa Newtyle. Silindojinsa a tsaye suke, kuma an ɗora bayansa a kan 'yar ƙaramar amalanke mai tayoyi huɗu da ke juyawa da kanta idan an zo kwana, dabarar da kusan babu wanda ya san ta a Birtaniya a lokacin. Hotonsa kawai ya rage. Haka mafi yawan sa'o'insa suka ƙare a hannun masu narka ƙarfe, domin kamfanonin jirgi 'yan kasuwa ne, ba masu ajiyar kayan tarihi ba. A kawunan jirgin fasinja, abin da mai ziyara zai tarar ya faro ne daga 1886 zuwa sama. Duk da haka ya isa, domin a wannan tsakanin ne aka yanke wata gardama da injiniyoyin ƙasar suka shekara da shekaru suna yi, kuma fahimtar gardamar ce za ta nuna maka inda ya kamata ka je.

Gardamar a kan tayoyi ce. Ma'aikatan dogo suna siffanta kan jirgi da lamba uku: ƙananan tayoyin gaba, sai manyan tayoyin da injin ke juyawa, sai ƙananan na baya. Wato idan aka ce 4-2-2, ana nufin ƙanana huɗu a gaba, manya biyu a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Idan aka ce 4-4-0, manyan huɗu ne, an haɗa su da sandar ƙarfe suna juyawa tare, babu komai a baya.

Masu ra'ayin manyan tayoyi biyu kacal suna da hujja mai ƙarfi. Tayar da tsayinta ya haura mita 2, juyi ɗaya ta ci ƙasa kusan mita 7. Ke nan jirgi zai yi gudu ba tare da fistin ya yi ta kai da kawo kamar zai fita hayyacinsa ba, a zamanin da ƙarfe da man shafawa ba su da ingancin na yau. Babu sandar haɗi, saboda haka babu ƙarin gugar ƙarfe da ƙarfe, babu abin da zai karye ana tsakiyar gudu. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin Ingila wannan tsari ya yi aiki sosai, kuma wanda ya fi kowa shahara da shi a can, Patrick Stirling, ɗan Sikotilan ne da ya fara shugabancin ƙira a Kilmarnock. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Taya ta ƙarfe a kan dogo na ƙarfe, abin da ke sa ta kama shi ne nauyin da ke danne ta, kuma akwai iyakar nauyin da dogo zai iya ɗauka a ƙarƙashin gatari guda. A ƙasar da ruwan sama ba ya jin kunya, ga tuddai ga kwanoni, sai tayar ta riƙa juyawa a wuri ɗaya kamar motar da ta kafe a taɓo.

Wanda ya nuna mafita shi ne Thomas Wheatley na kamfanin North British Railway. A 1871, a masana'antar Cowlairs da ke Glasgow, ya fitar da kan jirgi mai lamba 224, ƙirar 4-4-0, silindoji a ɓoye tsakanin ƙarafan jiki. Ƙananan tayoyin gaba suna bin kwana, manyan huɗu suna raba nauyi su kama dogo, silindojin da ke tsakiya kuma suna rage wa jirgi rangaji. Wannan siffa ce ta zama ta jirgin fasinjan Birtaniya har tsawon kusan shekara 40. Dugald Drummond ya gyara ta a North British, ya tafi da ita kamfanin Caledonian a 1882. A 1896 John McIntosh ya ɗora mata babbar tukunyar tururi, aka sami jerin da ake kira Dunalastair, waɗanda suka yi suna har hukumar jiragen ƙasan Beljiyam ta nemi a ƙera mata irinsu.

Shi kansa 224 yana da labarin da ba a so. Shi ne ke jan jirgin da ya faɗa kogin Tay a daren 28 ga Disamba 1879, lokacin da guguwa ta karya gadar da Thomas Bouch ya tsara, kuma ba wanda ya tsira daga cikin jirgin. An ciro kan jirgin daga ruwa a shekarar da ta biyo, aka gyara shi, ma'aikata suka laƙaba masa The Diver, wato mai nutso, ya ci gaba da aiki har 1919 kafin a farfasa shi. Ka riƙe wannan labarin, zai sake ɓullowa a Bo'ness.

To, a Glasgow me ake gani?

Riverside yana daidai inda kogin Kelvin ke zuba cikin Clyde. An buɗe shi a 2011, Zaha Hadid ce ta zana ginin, shiga kyauta ce, kuma daga tashar Partick tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Abin da zai kai ka can shi ne Caledonian lamba 123. Kamfanin Neilson na Glasgow ne ya ƙera shi a 1886 don a nuna a baje kolin duniya da aka yi a Edinburgh a shekarar. Shuɗi ne, ƙirar 4-2-2, manyan tayoyinsa sun fi dogon mutum tsayi. Ba a ƙera masa ɗan uwa ba, shi kaɗai ne irinsa.

Abin dariyar shi ne tauraron gidan tarihin yana ɓangaren waɗanda suka sha kaye a gardamar. A 1886 an riga an shekara 15 da ganin 224, kuma Caledonian kanta tana da nata 4-4-0 masu kyau. Abin da ya ba 123 damar numfashi shi ne dabarar fesa yashi: ana amfani da iskar birki a hura yashi daidai ƙarƙashin tayar, sai ta kama jiƙaƙƙen dogo. Da wannan ya shiga tseren 1888, lokacin da kamfanonin gabar yamma da na gabar gabas suka yi ta rige-rigen wanda zai fara kai fasinja daga Landan zuwa Edinburgh. Shi aka ɗora wa zangon ƙarshe na yamma, daga Carlisle zuwa Edinburgh, mil 100 da ɗan ɗoriya, ciki har da hawan Beattock mai tsawon kusan mil 10 da ke kai jirgi sama da mita 300 daga matakin teku. A rana mafi kyau ya cinye zangon a kusan minti 102 da rabi. Kada dai a manta, kayan da ya ja ba su da nauyi, taragai 'yan kaɗan ne. Da jiragen fasinja suka ƙara tsawo, aka shigo da taragan cin abinci da na barci, sai aka mayar da shi jan taragon manyan kamfani da share wa jirgin sarauta hanya. Ya ƙare aikinsa tsakanin Perth da Dundee, aka ajiye shi a 1935, shi ne na ƙarshe mai manyan tayoyi biyu kacal da ke aikin yau da kullum a Birtaniya.

A ƙarƙashin rufi ɗaya kuma ga Glen Douglas, North British lamba 256, ƙirar 4-4-0 ta William Reid, wanda ya fito daga Cowlairs a 1913, masana'antar da ta haifi 224. Jikan mai nutso ke nan. Tayoyinsa sun fi na 123 gajarta, kusan mita 1.8, kuma da gangan ne: an yi irinsa don layuka masu hawa da kwana, suka yi suna a layin West Highland da ke ratsa fadamar Rannoch zuwa Fort William da Mallaig. A irin wannan hanya ƙarfin ja ake nema, gudu ya zo daga baya. Yana kuma da abin da 123 ba shi da shi, bututan da ke sake mayar da tururi cikin zafin wuta don ya bushe kafin ya shiga silinda, abin da ke rage cin kwal da ruwa. Na uku shi ne Highland Railway lamba 103 na David Jones, ƙirar 1894, daga jerin farko na 4-6-0 a Birtaniya. Don kaya aka yi shi, amma shi ya nuna inda jirgin fasinja zai dosa: manyan tayoyi shida.

Biyu, huɗu, shida. Ka tsaya gaban kowanne ka ƙirga, ka duba girman tukunya a kan tayoyin, ka ga yadda taya ke raguwa tukunya na ƙaruwa. Darasin da littafi zai ci shafi 30 yana yi, a nan ƙafarka za ta yi maka shi cikin rabin awa. Wannan ne babban abin da Glasgow ta fi Bo'ness da shi, kuma ni a ganina ba ƙarami ba ne.

Akwai wani ƙaton baƙin kan jirgi a wurin da ba na fasinjan Sikotilan ba ne, amma ɗan Nijeriya ya kamata ya tsaya a gabansa. Kamfanin North British Locomotive ne ya ƙera shi a 1945 don Afirka ta Kudu, aka dawo da shi gida a 2007. Faɗin dogonsa daidai yake da na tsohon layinmu da ya iso Kano a 1911. Kamfanin ya samu ne a 1903 daga haɗewar Neilson da Dübs da Sharp Stewart, wato har da masu ƙera 123 da 103, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da ya sayar wa kawunan jirgi. Dattawan da suka yi aikin reluwe a Zariya ko Kafanchan sun taɓa ƙarfen Glasgow da hannunsu ko da ba su taɓa ganin garin ba.

Raunin Riverside a fili yake. Gidan tarihin sufuri ne baki ɗaya, da motoci jere a bango, da kekuna, da jiragen cikin gari, da samfuran jiragen ruwa, saboda haka kawunan jirgi suna raba wuri da jama'a da yawa, kuma ranar hutun makaranta yara sun cika ko'ina. Na biyu, duk a sanyaye suke. Ba wuta, ba tururi, ba motsi. Kuma tunda silindojin 123 da na Glen Douglas a ciki suke, abin da ɗalibin injiniya ya fi son gani yana ɓoye a ƙarƙashin tukunya, sai ya durƙusa ya leƙa.

Bo'ness wata duniya ce dabam. Ƙaramin gari ne a bakin ruwan Forth. Ƙungiyar masu adana kayan dogon Sikotilan, wadda aka kafa a 1961, ita ke tafiyar da layi mai tsawon kusan mil 5 daga garin zuwa Manuel, kuma mafi yawan masu aikin 'yan sa kai ne: mai tuƙi, mai zuba kwal, mai duba tikiti, mai ɗaga sigina. A nan za ka ji ƙamshin kwal da zafafan mai, ka ga mai zuba kwal yana buɗe bakin wuta, ka ji yadda jirgi ke nishi huɗu a kowane juyin taya. Idan ana yayyafi aka yi sa'a tayar ta zame wajen tashi, ka ga gardamar da muka yi bayani da idonka, ka ji ta da kunnenka. Gani ya kori ji, a nan kuwa ana haɗa maka su biyun.

Tashar kanta kayan tarihi ce da aka tattaro daga wurare. Rumfar ƙarfen da ke rufe dandamali daga Haymarket ta Edinburgh aka kwance ta, kuma ta samo asali ne tun layin Edinburgh da Glasgow na 1842. Ke nan ta girmi duk wani kan jirgi da za ka gani a wuraren biyu. Ginin tashar kuma daga Wormit aka ɗauko shi, ƙauyen da ke bakin gadar Tay ta kudu, inda 224 ya bi ya hau gadar a wancan dare. Gadar da ake bi yanzu an buɗe ta a 1887, kuma har gobe ana ganin kututturan tsohuwar a gefenta cikin ruwa.

Kawunan jirgin fa? Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne Caledonian lamba 419, ƙirar McIntosh ta 1907 daga masana'antar St Rollox. Ba na dogon zango ba ne. Ƙirar 0-4-4 ce, mai ɗauke da ruwansa da kwal ɗinsa a jikinsa, don jigilar ma'aikata a kewayen birane da ƙananan rassa, inda ake tsayawa kowane ɗan lokaci kuma babu sararin juya jirgi, sai ya tafi da gaba ya dawo da baya. Shuɗin fentinsa irin na 123 ne, kuma idan yana da wuta za ka ji famfon birkinsa yana haki ko da jirgin a tsaye yake. A gidan tarihin da ke gefen tashar akwai Gordon Highlander, lamba 49 na kamfanin Great North of Scotland, ƙirar 4-4-0. An ƙera shi a 1920, amma siffarsa ta ƙarshen ƙarni na 19 ce, domin ƙaramin kamfani ne na yankin Aberdeen da bai ga dalilin sauya abin da ke yi masa aiki ba. Akwai kuma Maude na 1891, na kaya, wanda aka kai Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Sannan ga taragai. Wannan Glasgow ba ta kama ƙafar Bo'ness ba: jirgin fasinja ba kai kaɗai ba ne, kuma sai ka ga inda mutane suka zauna, da bambancin kujerar mai kuɗi da ta talaka, za ka gane nauyin da ya sa 123 ya yi ritaya daga manyan hanyoyi.

Sai dai Bo'ness sai da lissafi. Jiragen ba kullum suke tafiya ba, yawanci ƙarshen mako ne daga bazararsu zuwa kaka, da wasu ranakun hutu. Ana biyan kuɗi. Garin ba ya kan babban layi, sai ka sauka a Linlithgow ka nemi bas ko tasi. Mafi muhimmanci, tukunyar tururi tana da wa'adi, kusan duk shekara 10 sai an kwance ta an duba, kuma ana ba wasu layuka aron kawunan jirgi. Kana iya zuwa ka tarar 419 ba ya nan, ko yana cikin gareji, jirgin ranar kuma wani kan jirgin ma'adinai ne na baya-bayan nan ke ja, ko ma na dizal. Abin da ke Riverside kuwa yana nan inda aka ajiye shi, rani da damina.

Wasu ƙananan abubuwa da mu suka fi shafa. Glasgow tana da babban masallaci kusa da kogin Clyde, kuma abincin halal ba ya wahalar samu. Bo'ness ka tafi da guzurinka da dardumarka. Idan lokacin sanyi ne, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, tsayuwa a dandamalin bakin ruwa kuma ba wasa ba ce ga wanda ya taso a Sakkwato. A ɗaya hannun, ɗalibin injiniya yana da ƙarin riba a Bo'ness: a harabar gidan Kinneil, kusa da layin, akwai kangon ɗan ɗakin da James Watt ya yi gwaje-gwajen injinsa na tururi wajen 1769.

Wani zai ce a haɗa duka a rana ɗaya, tunda Linlithgow tana kan hanyar Glasgow zuwa Edinburgh. Zai yiwu, amma ban ba da shawara ba. Za ka ƙare kana duban agogo maimakon duban tayoyi, kuma jirgin Bo'ness na ƙarshe ba ya jiran kowa.

Abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne ya fara duba jadawalin Bo'ness. Idan ranarsa ta faɗo ranar da ake tafiya, kuma an tabbatar 419 ne ko wani tsoho irinsa zai ja jirgin, ya tafi can, domin irin wannan damar ba kullum take zuwa ba, 123 kuwa zai jira shi. Haka zan ce wa mai tafe da yara, ko wanda bai taɓa ganin jirgin tururi yana motsi ba. In ba haka ba, Glasgow. Tambayarsa ta ƙira ce, me ya sa aka yi su yadda aka yi su, kuma amsar tana tsaye a jere a Riverside, kyauta, ko wace rana ce ta mako. Na ce ya fara da 123, ya tsaya daf da babbar tayar ya nemo bututun yashin da ke gabanta, sannan ya wuce wajen Glen Douglas ya dubi sandar da ta haɗa tayoyinsa.

Na kuma roƙe shi alfarma ɗaya. Idan zai bar Glasgow, ya hau jirgin Edinburgh daga tashar Queen Street. Da zarar jirgin ya tashi zai shiga rami yana hawa, wannan shi ne tudun Cowlairs. Har zuwa 1908 da igiya ake taimaka wa jiragen fasinja su haye shi, wani injin tururi da aka kafa a saman tudun yana ja. Jirgin lantarki na yanzu yana wuce wurin cikin 'yan mintuna, fasinjoji suna latsa waya. Na ce ya ajiye tasa ya lura da inda jirgin ya fito haske, domin a nan kusa masana'antar da ta ƙera 224 take.